Kabon Mai Danshi: Inda Muka Kwana Da Matsalar EGR Ta Injin ISX

'Yan uwa masu koyon gyaran manyan injunan gas, albishirinku. Kan tirelar nan mai injin Cummins ISX samfurin CM871, wanda ya daɗe yana hana mu sakat a gareji, ya je Legas ya dawo da cikakken lodi, fitilar gargaɗi ba ta kama ba, ƙarfinsa bai ragu a hawa ba, ruwan lagireto kuma yana nan daidai inda muka yi masa alama. Na yi niyyar bin tsarin da na ɗora wa kaina, wato in fara rubutu a kan bawul ɗin EGR, hanyar da ke mayar da wani ɓangare na hayaki cikin injin, in bi da tobo, in ƙare da matatar hayaki, amma aikin bai tafi a jere haka ba, don haka zan kawo shi yadda ya zo mana.

Motar ta shekarar 2008 ce, daga Amurka aka shigo da ita, kuma tana cikin 'yan kaɗan da suka iso hannunmu ba a taɓa cire musu komai ba, har matatar hayakin, wadda ake kira DPF, tana nan a wurinta. Wanda ya san tarihin waɗannan injuna ya san dalilin da ya sa aka tara musu kaya haka. Tun watan Oktoba na 2002 ISX ya fara fitowa da EGR mai sanyaya hayaki saboda dokokin hukumar kare muhalli ta Amurka, a 2007 aka ƙara matatar da ke tare ƙurar hayaki, sai a 2010 tsarin SCR, mai tsabtace hayaki a salansa da wani ruwa da ake kira DEF, ya shigo. Ke nan namu ya faɗo a tsakiya: ba shi da ruwan DEF da zai taimaka masa wajen rage iskar NOx mai gurɓata muhalli, duk nauyin yana kan hayakin da ake mayarwa cikin silinda, shi ya sa yake mayar da hayaki mai yawa, kuma ƙaramar matsala a wannan hanya takan girma da sauri.

Koken direba a bayyane yake. Ya ce, "Oga, idan na taka totur a hawa sai ta yi nauyi kamar an riƙe ta ta baya, kuma kusan kullum sai ta nemi in tsaya ta ƙona kabon ɗin da ya taru a matata." Da muka jona kwamfuta, lambar da ta fito ita ce SPN 411 (lambar sashen da ke da matsala) tare da FMI 2 (lambar irin matsalar), wadda a lissafin Cummins ake kira 1866, ma'ana bayanin da ke fitowa daga sensar bambancin matsin EGR bai yi wa kwamfutar injin daidai ba. Kafin motar ta zo wurinmu an riga an canza wannan sensa a wani garejin, Alhaji mai motar ya biya kuɗi masu kauri, lambar ta ɓace na ɗan lokaci ta dawo. Ina jan hankalinku ga lambar FMI ɗin, domin da 3 ce ko 4, da sai mu fara zargin waya ko soket, tunda waɗannan suna nuna wutar layin ta hau ko ta faɗi fiye da ƙima. Ita kuwa 2 ba ta ce sensa ta mutu ba, cewa kawai ta yi abin da sensar ke faɗa bai dace da sauran abin da injin ke yi ba. Duk da haka mun auna da mita, muka sami volt 5 cif a layin da ke ba ta wuta, layin ƙasa lafiya lau, kuma da aka kunna makulli ba a tayar da injin ba karatunta ya tsaya kusa da sifili, kamar yadda ya kamata.

Da muka tayar da injin muka umarci bawul ya buɗe ta kwamfuta, sai muka ga bawul yana amsawa, matsayinsa yana bin umarni, amma karatun matsin bai ko gezau ba. Muka kwance sensar, sai ga ƙananan ramuka biyun da ke kai mata matsi daga gaba da bayan ƙuntataccen wurin bututun sun toshe ƙam. Daga wannan bambancin matsi, haɗe da zafin hayakin, kwamfuta ke lissafin yawan hayakin da ya wuce. Idan ramukan suka toshe sai ta ɗauka hayaki bai isa ba, ta ƙara buɗe bawul, ta ƙara matse hanyar tobo domin matsin salansa ya rinjayi na iskar shiga, injin ya shaƙe da hayakinsa, ƙuna ta lalace, kabon ya ƙaru, matata ta cika da wuri. Mun fasa ramukan da siririyar waya da man wanke kabon, muka hura iska, muka wanke bututun sensar matsin salansa shi ma, ba mu sa ko tsinke cikin sensar kanta ba domin fatar da ke cikinta ba ta jure taɓi. Motar ta tashi garau, direba ya tafi yana sa mana albarka.

Ba a jima ba ta dawo da lambar nan dai, kuma a nan ne takaicin ya fara. Injin da ya yi shekaru kafin waɗannan ramuka su toshe ba shi da hujjar sake toshe su a tafiya kaɗan. Mun bi duk abin da zai iya ƙara kabon. Mun matsa iska a kular da ke sanyaya iskar tobo da tiyoyinta mu ga ko tana zurarewa, ba ta zurarewa. Mun duba matatar iska, mun wanke sensar matsin iskar shiga wadda ita ma ta yi baƙi, mun gwada silinda ɗaya bayan ɗaya ta kwamfuta ko akwai nozul mai zubar da mai, duk shida suka amsa daidai. Maigidana ya karkata ga man gas ɗin da ake sha a hanya da kuma dogon silo, tunda motar takan kwana a layin ɗaukar kaya a Apapa injin yana aiki ba lodi, kuma yana da gaskiya cewa waɗannan suna ƙara kabon. An ƙera injin ne don man da sinadarin salfa a cikinsa bai wuce 15 cikin miliyan ba, wanda aka fara sayarwa a Amurka a 2006, alhali matakin da ƙasashen ECOWAS suka amince da shi a 2020 shi ne 50 cikin miliyan, kuma direba ba shi da hanyar sanin abin da aka zuba masa a gefen titi. Amma wannan bayani bai gamsar da ni ba, saboda abin da na gani a kan wayar da na zaro daga ramin.

Kabon na hayaki lafiyayye busasshe ne, yana tashi idan an hura shi, yana barin baƙi a yatsa kamar gari. Wannan kuwa ya fito ne a dunƙule, yana da danƙo, kamar kwalli da aka kwaɓa da ruwa, kuma da na shafa shi a kan farar takarda na bar shi a rana, sai ya bushe ya yi tauri ba tare da ya bar da'irar maiƙo a gefensa ba. Da baƙin mai ne daga tobo, da takardar ta jiƙe da maiƙo ta ƙi bushewa. Ruwa ne ke jiƙa shi, kuma a hanyar EGR wuri ɗaya ne ruwa ke gudana bango da bango da hayaki, wato kular EGR, wadda ke sanyaya hayakin da ruwan lagireto. Na tambayi yaron motar ko suna ƙara ruwa, ya ce ai kowace safiya yakan zuba ɗan kaɗan, bai ɗauke shi matsala ba tunda bai taɓa ganin ɗigo a ƙasa ba. Da na tambaye shi irin ruwan, ya nuna mini jarkar da suke cikawa a duk rijiya ko famfon da suka samu.

Wannan ne ya sa binciken ya yi mana wuya. Ruwan sanyi na gwangwani yana da launi da ƙamshi mai ɗan zaƙi, idan ya bi hayaki yakan bar farin ɓawo ko mai launi a bakin kula, amma ruwan rijiya tururi yake zama ya wuce, ba ya barin shaida sai danshi. Muka ɗaura famfon gwaji a kan tankin ruwa, muka matsa har kusan psi 15 a ma'aunin matsi, gwargwadon ƙarfin murfin, muka cire bututun da ke fita daga kula muka zuba ido. Allura ba ta sauka ba, ɗigo bai fito ba. Muka bar shi ya kwana a matse, da safe ma haka. Maigidana ya ce, "To ka ga kularka ta fita zargi, mu koma kan tof silinda." Na san abin da hakan ke nufi: a ɗaga kan injin mai lita 15, a kashe kuɗin gasket da kwanaki, a kan zato. Na roƙe shi ya ba ni dama in gwada abu biyu kafin a sa sifana a kan noti ko ɗaya.

Na farko, muka zubar da ruwan gaba ɗaya, muka wanke, muka cika da jan ruwan sanyi na manyan motoci, direba ya yi gajeriyar tafiya da lodi. Da ya dawo muka buɗe bakin kular, sai ga siririn layi mai launin ruwan hoda ya bushe a ƙasan bututun, ya bi ta gefen da ramukan sensa suke. Ban ɓoye farin cikina ba, har yaran gareji suka taru suna leƙawa da fitilar waya. Na biyu, muka sauke kular, muka yanka faranti biyu na ƙarfe da roba muka toshe bakunan hayaki, muka sa bawul ɗin taya a ɗaya daga cikinsu, muka bar bakunan ruwa a buɗe, muka nutsa ta cikin rabin duro, muka ba ta iskar da ba ta wuce psi 20 ba. A ruwa mai sanyi ko kumfa ɗaya ba ta fito ba. Muka hura wuta a ƙarƙashin duron, muka jira har ruwan ya yi zafin da hannu ba zai iya shiga ba, sai ga ƙananan kumfa suna tasowa a jere daga bakin ruwa, ba sa yankewa. Tsagar tana can ciki a ɓangaren da hayaki mai zafi ke fara dukan bututun, siririya ce ƙwarai, a sanyi takan rufe bakinta, sai ƙarfe ya ɗauki zafi ya miƙe take buɗewa. Wanda zai gwada wannan ya sa na'urar rage matsi a layin iska, kada ya jona tiyon kwampireso kai tsaye, kuma ya kawar da fuskarsa daga saitin farantan.

Da muka leƙa ta ɓangaren ruwa, abin da ya kashe kular ya fito fili: farin ɓawon ruwan rijiya ya lulluɓe bututun, ya hana ruwa ɗauke zafi yadda ya kamata. Ƙari a kan haka, duk lokacin da ruwa ya ragu iska takan maƙale a cikin kula, wani sashe ya bushe hayaki yana gasa shi, idan aka ƙara ruwa mai sanyi ya same shi a zafi sai ƙarfen ya gaji. Daga ciki kuma, salfa idan ta haɗu da raɓar da ke taruwa lokacin dogon silo takan zama asid mai cin ƙarfe, don haka zargin maigidana a kan mai da silo yana da kasonsa. Mun taki sa'a ruwan bai taɓa taruwa a silinda cikin dare ba, da sandar fistin ta lanƙwashe a tashin asuba.

Kuɗin ya yi ciwo. Sabuwar kula da gasket ɗinta da kuɗin kawowa sun haura naira miliyan ɗaya, ga ruwan sanyi da muka saya har sau biyu domin na gwaji ya gurɓata da dattin wanki. Alhaji ya kira ni ya ce, "Malam, me zai hana a toshe hanyar da faranti kamar yadda kowa ke yi?" Na gaya masa gaskiya cewa faranti kaɗai ba ya wadatarwa a wannan injin, domin kwamfutar tana jiran ganin hayaki ya wuce, kuma da shi take daidaita tobo, idan ba ta gani ba za ta rage ƙarfi ta cika allo da lambobi, sai an shiga manhajarta an sauya, wanda a ƙasar da aka ƙera motar laifi ne a doka, a nan kuma idan mai sauyawar bai ƙware ba tobo da fistin ne za su biya. A ganina, motar da ta zo da kayanta cikakku, kuma muka gano ainihin cutarta, bai kamata a yi mata wannan ba. Na tokumbo ma na ƙi, sai dai idan mai sayarwa zai yarda a tafasa ta a duro kafin a biya shi, kuma wanda muka tambaya bai yarda ba.

Wajen ɗaurawa mun ba cikon ruwa muhimmanci fiye da komai. Mun zuba a hankali, mun buɗe mafitar iska har ruwa ya fito ba kumfa, mun tabbatar siririn tiyon da ke mayar da iska tanki bai toshe ba, mun bar injin ya yi zafi da hita a buɗe, ya huce, muka ƙara. Mun sake wanke ramukan sensa da bawul da bututun haɗa iska, muka canza baƙin mai domin ya sha kabon da yawa. Yanzu idan bawul ya buɗe karatun matsin yana hawa tare da shi, idan ya rufe ya sauka, kuma tsohuwar sensar da aka cire a wancan garejin, wadda direba ya ajiye a akwatin gaba, da muka ɗaura ta don gwaji ita ma daidai take karantawa.

Abin da ya rage shi ne matatar DPF. Ta daɗe tana shan tururi da kabon mai danshi, kuma ko bayan an ƙona kabon, matsin da ke gabanta bai sauko inda nake so ba idan injin yana jan lodi. Za mu sauke ta mu duba fuskarta da ta DOC, sashen da hayaki ke fara ratsawa kafin ya iso ta, ko akwai tsaga ko ɓawo, mu duba nozul ɗin da ke fesa mata mai bayan tobo, sannan mu yanke shawarar wankewa ko canzawa. Idan a cikinku akwai wanda ya taɓa tsabtace irin wannan matata ba tare da injin gasa ta ba, kuma ta yi aiki bayan haka, ina son jin matsin iskar da ya yi amfani da shi da kuma ɓangaren da ya fara hurawa.