Wane wata ya dace Bakano ya tafi hawan igiyar teku?

Mai shirin hutun hawan igiyar teku, wato tsayuwa a kan allo igiya ta kwaso ka zuwa gaɓa, yakan buɗe intanet ya ga an ambaci watannin da suka fi kyau, sai ya je ya yanki tikiti. A nan ake tafka kuskure. Watannin da shafukan nan ke yabo na ƙwararru ne, masu neman igiya mai tsayin mita 2 ko 3. Wanda ya tashi a Kano, iyakar ruwan da ya sani shi ne wurin ninƙaya na otal ko bakin dam ɗin Tiga, nasa lokacin daban ne.

Igiyar da ake hawa ba a bakin gaɓa take tasowa ba. Guguwa ce ke kaɗa ta can tsakiyar teku, ta yi tafiyar dubban kilomitoci kafin ta iso, kuma guguwar ta fi ƙarfi a lokacin sanyin yankin da ta taso. Gaɓar Legas da ta Gana kudu suke fuskanta, don haka manyan igiyoyinsu daga kudancin Atlantika suke zuwa, daga Afrilu zuwa wajen Satumba, daidai da damina. Ita kuwa Maroko daga arewacin Atlantika take samun nata, daga Oktoba zuwa Maris. Dakar ta Sanagal tana kan wani tsinin ƙasa da ya kutsa cikin teku, tana karɓa ta ɓangarorin biyu, shi ya sa da wuya ka je ka tarar babu igiya.

To, ɗan koyo ya nufi Tarkwa Bay a Legas ko Busua a Gana tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Igiya a lokacin ba ta cika wuce rabin mita zuwa mita ɗaya ba, ruwan sama ya ɗauke, zafin ruwan teku yana wajen digiri 27 zuwa 29, ba ka buƙatar rigar roba, wadda masu hawa ke sawa don kare sanyin ruwa. Akwai kuma abin da ya fi burge ni: iskar hunturun nan da ke tsattsaga mana leɓe ta lulluɓe Kano da hazo daga arewa maso gabas take busowa, to idan ta kai gaɓar da ke fuskantar kudu, daga tudu take shiga teku. Irin wannan iska ita masu hawa ke roƙo, domin tana tallabe fuskar igiya ta yi sumul, ta jinkirta karyewarta har ka samu damar miƙewa. Iskar da ta fito daga teku zuwa tudu kuwa ruguza igiya take yi ta zama kumfa. Ita ce ke tasowa da rana idan ƙasa ta ɗau zafi, saboda haka shiga ruwa da hantsi ya fi na bayan azahar nesa ba kusa ba.

Damina ta wanda ya iya ce. Ban da girman igiya, ruwan sama mai ƙarfi yana kwashe dattin magudanai ya zuba a teku, wanda ya haɗiye shi yakan kwana da ciwon ciki ko ciwon kunne. A bar kwana 2 zuwa 3 bayan an tafka ruwa. A Legas Yuni da Yuli ne suka fi ruwa.

Maroko a Disamba ko Janairu, ko Tagazut kusa da Agadir ko Imsuwan, wurin kallon gwanaye ne, amma ruwan yana sauka zuwa digiri 16 ko 17. Dole sai da rigar roba mai kaurin milimita 3 ko 4, in ba haka ba cikin rabin sa'a hannu ya ƙage, ka kasa riƙe allo. Ɗan koyo ya fi jin daɗinta a Satumba ko Oktoba. Ko Dakar ma ruwanta yana yin sanyi daga Janairu zuwa Afrilu, kar zafin garin ya ruɗe ka.

Saura mako guda a tafi, a buɗe Windy ko Surfline, shafukan intanet masu hasashen iska da igiya, domin hasashen da ya wuce mako ba abin dogaro ba ne. Kada a tsaya kan tsayin igiya kawai, a duba tazarar da ke tsakanin igiya da igiya. Ƙasa da sakan 8, iskar kusa ce ta tayar da ita, a hargitse take zuwa. Daga sakan 10 zuwa sama, daga nesa ta taho, a jere take, kuma ta fi ƙarfi fiye da yadda tsayinta ya nuna. Teku yana cika ya janye sau biyu a yini, kusan sa'o'i 6 tsakanin cikowa da janyewa, kuma abin ya fi tsananta a kwanakin tsayuwar wata da kuma 14 ko 15 ga wata. Mu da muke lissafi da watan Musulunci wannan ba ya ba mu wahala. A duba kuma kada tafiyar ta faɗa cikin azumi, tunda yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, wasan kuma yana cin ƙarfi.

Ɗan Nijeriya ba ya buƙatar biza zuwa Gana ko Sanagal saboda yarjejeniyar ECOWAS, sai dai fasfo da katin allurar shawara. Maroko sai da biza, a nema da wuri. Kada ka sayi allo, ka yi hayar na soso mai tsawon ƙafa 8 ko 9, ka ɗaura igiyar da ke jikin allon a idon sawu, ka ɗauki mai koyarwa ɗan wurin. Kafin ka jiƙa ƙafa, ka ce ya nuna maka inda ruwa ke ja zuwa ciki: yakan zama wani layi mai duhu, kwance lumus, a tsakanin wuraren da igiya ke karyewa, sai baƙo ya ɗauka nan ne wurin aminci. Idan ya ja ka, kar ka saki allon, kar ka yi kokawa da shi kana neman gaɓa kai tsaye. Ka yi iyo ta gefe, a jere da gaɓar, har ka fita daga cikinsa, sannan ka ɗaga hannu a gan ka.