Sana'ar kai baƙi kallon ɓauna a hunturun Yellowstone

Ƙaramin kamfanina yana garin West Yellowstone ne a jihar Montana ta Amurka, kuma aikinmu shi ne ɗaukar masu yawon buɗe ido zuwa cikin gandun dajin Yellowstone a cikin motoci masu manyan tayoyi da aka ƙera domin tafiya a kan dusar ƙanƙara. Kakarmu gajeriya ce, daga tsakiyar Disamba zuwa tsakiyar Maris. Baƙi da yawa suna zuwa da niyyar ganin maɓuɓɓugar Old Faithful mai feso ruwan zafi, amma ɓaunar Amurka ce ke cinye musu rana.

A gefen kogin Madison za ka ga ƙaton namiji, wanda nauyinsa kan kai kilo 900, ya dunƙufar da kai yana share dusar ƙanƙara hagu da dama har ya iske busasshiyar ciyawa, gemunsa duk ya daskare. Abin da yake samu bai taka kara ya karya ba, saboda haka duk gudun da aka sa shi a wannan lokaci kitsen da zai kai shi bazara ne ake rage masa. Wannan shi ne abu na farko da nake koya wa sabon direba. Hanyar da ake daddaɓe mana kowane dare ita ce ɓaunar ma ke bi domin ta fi sauƙin takawa, kuma idan garke ya tare ta, sai mu tsaya mu jira, ba hon, ba matsawa. Doka ta ce kada mutum ya kusance su ƙasa da mita 23, ni kuwa nakan sa baƙina su ƙara a kan haka.

Wasu abokan sana'a sun yi gunaguni da tsarin zirga-zirgar hunturu da hukumar gandun dajin ta fitar a 2013, wanda ya taƙaita ayarin ababen hawa zuwa 110 a rana, ya kuma wajabta injuna marasa yawan hayaƙi da ƙara. Ya ci mana kuɗi, babu shakka, amma ina goyon bayansa, domin shirun dajin ma yana cikin abin da baƙo ke biya.

Abin da ya fi damuna yana faruwa ne a bakin iyakar gandun dajin. A 1902 ɓaunar da ta rage a dajin ba ta wuce ashirin da 'yan kai ba, yau kuwa ta kai dubbai. Idan sanyi ya tsananta, sai ta gangara zuwa filayen Montana neman abinci, inda makiyaya ke tsoron cutar bakkale mai sa shanu ɓari, wadda aka gano a garken tun 1917. Tsoronsu ba na banza ba ne, ko da yake a inda aka tabbatar da cutar ta shiga shanu a wannan yanki, daga manyan bareyin nan da ake kira elk ta fito. A hunturun 1996 zuwa 1997 an kashe ɓauna fiye da dubu, kuma har yanzu ana kama wasu a wurin kamu na Stephens Creek kusa da garin Gardiner.

Ana killace waɗanda gwaji ya nuna ba su da cutar, kuma tun 2019 ake miƙa su ga ƙabilun Assiniboine da Sioux na yankin Fort Peck a Montana, daga nan kuma a raba wa wasu ƙabilun asali. Ina so a faɗaɗa wuraren killacewar, domin ƙarancinsu ne ke sa har yanzu ake tura wasu mahauta.