Taya tukuna, sauran kaya daga baya

Jama'a salamu alaikum. Tun ranar da na sa hoton kekena a bakin tafkin Madarunfa ake ta tambayata wai mi da mi na canza mishi, to yau na samu zama bari in yi bayani gaba ɗaya.

Keken VTT ne, wato keken shiga daji da hawan duwatsu, irin mai amotisa a cokalin gaba kaɗai, baya babu komi sai ƙarfe zalla. Na hannu na saye shi, girman ƙafafunshi inci 29, cokalin na iska ne mai nitsewa milimita 120. Wata biyun farko wallahi ban more shi ba, kusan duk fitar da zan yi da turi nake dawowa gida. Wanda ya san hanyoyin gonaki na bayan Jiratawa ya san mi nake faɗi, tsidau ne shimfiɗe a ƙasa ga ƙayar aduwa ga ta gawo da masu kiwo ke sarowa dabbobi su bar rassan bisa hanya, akwai ranar da na yi faci huɗu tsakanin hantsi da azahar.

Amma lokacin hankalina duk yana kan giya, ina kallon Turawa a YouTube suna gangarowa daga duwatsu ina ta lissafin kuɗɗin da zan tara. Wani dattijo mai gyaran kekuna da nake zuwa wajenshi kusa da babbar kasuwa shi ya tsaida ni, ya ce ɗana ƙasarmu rairayi ce da ƙaya, fara da abin da ke taɓa ƙasa. Na ce to Baba. Har yau ina mishi addu'a.

Sai na raba tayun da shambur kwata-kwata. Ana naɗe cikin wili da wani tef na musamman ya toshe ramukan wayoyi, a sa bawul mai roba a gindi, sannan a zuba ruwan liƙi mai kama da madara kamar mililita 100 a kowace ƙafa, in ƙaya ta huda ruwan ne ke bin iska ya toshe ramin kana cikin tahiya ba ka ma sani ba. Sai dai dole tayar ta zama wadda anka yi don haka, tsohuwar taya ba ta riƙewa, kuma ranar farko famfon hannu bai iya zaunar da bakin tayar ba sai da munka je wajen masu facin mota sunka buga mata kwamfuresa. Ran nan na zauna na zare ƙaya bakwai daga ƙafar gaba, iska bai sauka ba. Abin lura guda, zafinmu na Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40 yana busar da ruwan da wuri, ni duk wata biyu nake girgiza ƙafar in saurara, in ban ji motsin ruwa ba in ƙara.

Faɗin taya ma na ƙara, daga inci 2.25 na koma 2.6 gaba, 2.4 baya don iyakar abin da firam ɗina ke ɗauka kenan, ku auna naku kafin ku saya. Sai maganar iska, nan ne mutanenmu ke kuskure sosai, mun saba da keken ɗaukar buhu da ake bugawa har taya ta yi tauri kamar dutse, to cikin rairayi taya mai tauri yanka take ta nitse, mai laushi ita ke shimfiɗuwa ta bi sama. Ni kilo 70 gare ni, ina sa iska bar 1.4 gaba 1.6 baya a agogon famfo, bayan ya fi yawa saboda can nauyi yake kuma tunda babu amotisa tayar ce kaɗai ke kare wili da ƙugunka. Da wanga awo nake ratsa Gulbin Maradi da rani ba tare da na sauka ba, da can ko rabi ban kaiwa.

Cokali kuwa ban canza shi ba, daidaita shi na yi. Akwai ɗan zoben roba a jikin sandar cokalin, ka tura shi ƙasa, ka hau keken ka miƙe bisa feda wani ya riƙe maka kai, ka sauka a hankali ka auna inda zoben ya tsaya. Kashi 20 cikin 100 na nitsewar cokalin ake nema, a nawa milimita 24 kenan, da na auna na tarar 10 kacal, ashe wanda ya sayar mini ya fi ni nauyi nesa ba kusa ba, shi ya sa hannuwana ke sagewa bisa hanyar jar ƙasa mai gargada. Famfon daidaita iskan cokalin daban ne, ƙarami mai agogo. A ƙasan ƙafar dama akwai jan maɓalli mai daidaita saurin dawowa, ka juya shi har cokalin ya bar harbinka. Masu RockShox, kamfanin ƙera cokulan keke, sun ce a canza man ƙasan duk awa 50 na hawa, da ƙurar hunturunmu ni ban bari ya kai, kuma duk dawowa sai na share sandunan da tsumma mai tsabta.

Daga baya na zo kan giyar. Na cire faranti uku na gaba na bar guda mai haƙora 32, baya na sa jerin farantai na Shimano Deore mai hawa 11, daga haƙori 11 zuwa 51, wani ɗan'uwana ya taho mini da shi daga Faransa. Mai hawa 12 na so, sai na gano nasu mai farawa daga 10 yana buƙatar wata cibiya ta daban da ake ce ma Micro Spline, ke nan sai na sake ɗinke ƙafar baya, na ce a'a. Sarƙa ta bar faɗuwa, hayaniya ta ragu, na ji daɗi, amma gaskiya babban farantin 51 ɗin sai hawan gaɓar gulbi nake taɓa shi, da yanzu ne 34 zan sa gaba. Don Allah ku bar ɗura ma sarƙa baƙin man moto, yana kama rairayi ya zama kamar dutsen niƙa ya cinye haƙora, ku nemi mai na busasshen wuri, kaɗan, a share saura. In ma'aunin miƙewar sarƙa ya nuna 0.5 a canza ta kafin ta lalata farantan.

Birki faifan gaba kawai na ƙara daga milimita 160 zuwa 180. Na Shimano man minaral yake sha, kada wani ya zuba maka man birkin mota na DOT, robobin ciki za su kumbura su lalace. Sandar sirdi mai sauka da maɓalli kuma ban saya ba, ban ga gangaren da zan kai ta ba nan, kuɗɗin na sa su a feda mai faɗi da ruwan liƙi kwalba biyu na ajiya tunda samunshi wuya gare shi.

Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu bayan sallar asuba za mu kama hanyar Tibiri ta cikin gonaki, mai zuwa ya taho da ruwan sha lita biyu aƙalla, famfon cokalin yana wajena zan auna ma kowa nashi kafin mu tashi.