Ranar da lamba 6 ta tashi daga Juma'a ta koma Asabar

Wani Alhaji mai shagon magani a Kano na haɗa wa manhajar lissafin ciniki. Abin da ya fi so shi ne rahoton mako: wace rana aka fi sayarwa, domin ya san ranar da zai ƙara yara a kanta. Muna kan MySQL a lokacin, wato manhajar rumbun bayanai, ina amfani da DAYOFWEEK, umarnin da ke ba kowace ranar mako lamba, kuma ban taɓa shan wahalar tuna lambobinta ba, saboda sun bi sunayen ranakunmu da muka samo daga Larabci: Lahadi 1, Litinin 2, Talata 3, Laraba 4, Alhamis 5. Juma'a ta zama 6.

Da muka mayar da rumbun bayanan kan wata manhajar, PostgreSQL, sai na sauya umarnin zuwa irin nata, EXTRACT(DOW), na bar 6 ɗin a inda take. Ba wani kuskure da ya fito, rahoto yana zuwa sumul. Bayan mako biyu Alhaji ya kira ni. Ya ce, "Malam, ran Juma'a muna rufewa mu tafi masallaci, ya aka yi ta fi kowace rana ciniki?" A PostgreSQL ƙirgar DOW daga 0 take farawa a ran Lahadi, don haka 6 Asabar ce. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne, da bai san shagonsa kamar tafin hannunsa ba, da da wannan rahoton zai tsara aikin yaransa.

Ko a cikin MySQL ɗin kanta akwai WEEKDAY, wadda ke ba Litinin 0. Shi kuwa SQL Server, wani rumbun bayanan daban, amsarsa ta dogara da yadda aka saita DATEFIRST, wato ranar da mako ke farawa. Yanzu ISODOW ta PostgreSQL nake amfani da ita, Litinin 1 zuwa Lahadi 7, kuma kafin na miƙa aiki sai na gwada da ranar da na tabbatar da ita, kamar 1 ga Janairun 2021, wadda Juma'a ce. Wannan ranar tana da wani amfanin: a tsarin ISO 8601, wato ƙa'idar duniya ta rubuta kwanan wata da ƙirga makonni, cikin mako na 53 na 2020 ta faɗa, don haka tana tona asirin duk umarnin da ya haɗa lambar mako da shekarar kalanda, tunda zai ce mako na 53 na 2021 ne.

Matsala ta biyu sai da azumi ta bayyana, lokacin da shagon ke wuce tsakar dare a buɗe. Sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da bayanan, tana kan agogon duniya na UTC, Najeriya kuwa tana gaba da awa ɗaya. Duk maganin da aka sayar tsakanin sha biyun dare da ƙarfe ɗaya sai ya shiga lissafin jiya, kuɗin aljihun tebur suka ƙi daidaita da na kwamfuta, har aka fara yi wa yaron da ke kwana a kanta kallon zargi. Wannan ya dame ni matuƙa. Na gyara da AT TIME ZONE 'Africa/Lagos', umarnin da ke mayar da lokaci zuwa agogon Najeriya kafin a ciro rana, na kuma je da kaina na bayyana wa Alhaji cewa yaron ba shi da laifi. A nan ne na daina amfani da BETWEEN a kan lokaci, umarnin da ke ɗauko abin da ke tsakanin iyakoki biyu har da iyakar ƙarshe: nakan ce daga farkon wannan rana, zuwa ƙasa da farkon washegari.

Hutun Sallah kuma ba a lissafa shi da dabara, tunda ya danganta da ganin wata da sanarwar Sarkin Musulmi, da kuma ranakun hutun da gwamnati ta ayyana. Sai na gina teburin kalanda a cikin rumbun bayanan, layi ɗaya ga kowace rana, da sunanta da Hausa da alamar ko an buɗe shago. Shekara goma ba ta kai layi 3,700 ba. Akawun Alhaji ne ke shigar da hutun da hannunsa daren da aka sanar.