Gado Kake Saya, Ba Suna Ba

Ɗan ƙanwata da ke karatu a Suwidin ya turo mini hoton tikitin da yake shirin biya: Kopenhagen zuwa Niyok, kujerar bizines, wato ajin gaba mai tsada, kuɗin ya kusa lashe duk abin da ya tara a aikin hutu. A ƙasan hoton ya rubuta, "Kawu, a sa mana albarka." Na tambaye shi wane irin jirgi ne, kuma wane nau'in tikiti ne. Ko ɗaya bai sani ba. Abin da ya sani dai kujerar tana gaba, kuma hoto yana kyau a wurin.

Ba zan yi masa dariya ba, don ni ma a ramin nan na daɗe ina zuba kuɗi. Na biya kuɗin gado a tafiyar da ba a barci. Na sayi suna, sai da na shiga jirgi na tarar kujera ce kawai mai ɗan faɗi. Na bi hanya mai nisa da tsada don in tara makin da kamfanonin jirgi ke bai wa masu yawan tafiya, makin kuma ya lalace a hannuna. Na raba tikiti biyu don ragin da bai taka kara ya karya ba. Ba da hauka na yi duka ba, a gaskiya. A lokacinmu abin da wakilin tafiye-tafiye ya faɗa maka shi ne ka sani, babu taswirar kujeru a waya. Kuma wanda zai sauka da asuba ya zauna ciniki da hantsi ya san darajar isa da kai garau, wannan har gobe ba na nadamarsa. Amma in na faɗa wa kaina gaskiya, rabin kuɗin ba don barci na biya ba, don a gan ni a layin da ba kowa ke tsayawa ba ne. Ku kuwa yaran yanzu komai yana tafin hannunku, amma shafi ɗaya na sharuɗɗan tikiti ya gagare ku karantawa.

Abu ɗaya ne a bizines ya kai kuɗinsa: ka miƙe ƙafa ka kwanta. Sauran duk ado ne. To dubi tafiyar yaron nan. Daga Kopenhagen ko Stokholm ko Oslo zuwa gabashin Amurka wajen awa 8 ne, yawancin jiragen da rana suke tashi, rana kuma tana binka har ka sauka da yammacin can. Jikinka ba ya neman barci, in ma ka tilasta masa ka ɓata daren farko. Dawowa ce ke da dare. Ita ma lissafa: jirgi ya tashi da daddare, tafiyar ba ta cika awa 8 ba, abincin dare ya ci kusan awa 2, a kunna fitila don karin kumallo saura awa ɗaya da wani abu a sauka. Abin da ya rage maka bai wuce awa 4 zuwa 5 ba. Masu wayo a falon jira suke cin abinci, su shiga jirgi su ce kada a tashe su, su kwanta da zarar an kashe alamar ɗamara. Kuma ana iya haɗa tikiti ɗaya mai aji biyu: zuwa a firimiyam ikonomi, ajin da ke tsakanin na kowa da kowa da bizines, dawowa a bizines.

Gabashin Asiya daban take. Finnair, kamfanin jirgin saman Finlan, ta gina kasuwancinta ne a kan cewa Helsinki ce gajerar hanya tsakanin Turai da Japan da Sin, ta saman Saberiya. Daga Fabrairun 2022 sararin Rasha ya rufu ga jiragen Tarayyar Turai, tafiyar Helsinki zuwa Tokyo da ke cin wajen awa 9 ta koma wajen awa 13, wani lokaci ta kan ƙurewar arewacin duniya, wani lokaci ta kudu. A irin wannan tafiya gado yana biyan kuɗinsa, musamman ga mai ciwon baya ko wanda shekaru suka ja.

Sai dai kalmar bizines a kan tikiti ba ta gaya maka a kan me za ka kwanta. Duba jirgin. Finnair na tafiyar nesa da manyan jirage samfurin A350 da A330, kuma tun 2022 ta kawo wata kujera mai suna AirLounge wadda bayanta ba ya kwantawa ko kaɗan. Kwanso ne mai faɗi a kafe. In za ka yi barci sai ka ɗago madogarar ƙafa da wani ɗan allo da ke cike giɓin da ke tsakani, wuri ya zama shimfiɗa, ka ɗora siririyar katifar da suka ajiye, ka zame ƙasa, ka ɗaura ɗamarar kwanciya wadda daban take da ta zama. Ga mai kwanciya ta gefe tana da daɗi ƙwarai, akwai wurin naɗe gwiwa. Ga wanda ya saba kishingiɗa yana kallon fim kuwa, da matasan kai biyu zai yi ta gyara bayansa har a sauka. Ni a ganina kujerar barci ce, ba ta zama ba, saboda haka sayenta a tafiyar rana asara biyu ce.

SAS, kamfanin jirgin ƙasashen Skandinabiya, kuma tana da A350 da A330 masu jerin 1-2-1, wato kujera ɗaya a kowane gefe, biyu a tsakiya, kowa yana fita ba tare da ya tsallake wani ba. Amma tana kuma haye Atlantika da A321LR, ƙaramin jirgi mai hanya ɗaya a tsakiya. Kujerunsa 22 na bizines suna zama gado, sai dai jeri ɗaya 2-2 ne, na bayansa 1-1. In ba ka zaɓi kujerar mutum ɗaya da wuri ba, kana iya samun kanka a jikin taga, baƙo ya miƙe a gefenka, duk fitar da za ka yi sai ka ƙetare shi. Icelandair tana kiran ajinta na gaba Saga Premium, kujeru ne masu faɗi da ke ɗan kishingiɗa, babu gado, ga tsayawa a filin jirgin Keflavik na Aislan da ke yanka daren gida biyu. Ajin Premium na Norse Atlantic ma haka, ba gado ba ne, su ma ba su ce gado ba ne. Araharsu ke jan yara, su ɗauka sun yi wa kowa wayo. Ƙaramin zangon cikin Turai kuwa, ko a wane kamfani, yawanci kujerar kowa da kowa ce aka bar ta tsakiya babu mutum. Duba kuma layin da ke faɗin kamfanin da zai tuƙa jirgin, don lambar tafiya tana iya zama ta wani, jirgin na wani. Ko ka duba duka, kamfani na da ikon canja jirgi a ranar.

Nau'in tikitin shi ne inda ake yanka mutane suna murmushi. Finnair na da Business Light: kujerar ce dai da abincin, amma babu jakar awo, babu shiga falon jira, babu layin gaggawa. Shi ne ke fitowa a saman jerin farashi don ya fi araha. Mutum ya zo da akwatuna biyu cike da tsaraba, a ce ya biya, ya tsaya yana faɗa da ma'aikaciya a kan abin da ke rubuce tun ranar da ya saya. Ko a tikiti cikakke, akwati ɗaya ba ya wuce kilo 32. Sauna, wato ɗakin wankan zafi, na filin Helsinki da kuke gani a bidiyo kuma yana Platinum Wing ne, ɓangaren masu babban matsayi a katin tafiya, tikitin bizines kaɗai ba ya buɗe ƙofar.

Maganar maki ce ta fi ci mini rai. SAS na cikin kamfanonin da suka kafa ƙawancen kamfanonin jirgi na Star Alliance a 1997, amma ranar 1 ga Satumba 2024 ta koma SkyTeam, wajen Air France da KLM. Finnair tana ƙawancen oneworld, kuma a 2024 ta canja makinta zuwa wani nau'in maki mai suna Avios. Ban ce wani ya cuci wani ba, kasuwa ce. Amma duk wanda ya shekara biyar yana gina tsarin tafiyarsa a kan ƙawance ɗaya ya wayi gari lissafi ya canja. Maki ba ajiyar banki ba ne. In ka tara wanda ya isa ɗaga kujera, kashe shi.

Ga mai tasowa daga gida akwai tarko da ya fi duk waɗannan. Babu ɗaya cikin kamfanonin nan na arewacin Turai da ke sauka Kano ko Abuja ko Legas, dole wani ya kai ka Turai tukuna. Fasfon Najeriya da na Ghana suna cikin jerin waɗanda ko wucewa kawai za su yi ta filin jirgi a yankin Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, sai da bizar wucewa, sai fa masu riƙe da irin bizar Amurka ko Kanada ko Japan mai aiki, ko takardar zama da aka yarda da ita. In kuma hanyarka ta tsaya sau biyu a cikin yankin, a ce Abuja, Faris, Helsinki, Tokyo, to zangon Faris zuwa Helsinki tafiyar cikin gida ce, ka shiga Shengen ke nan, cikakkiyar biza ake nema, ta wucewa ba ta isa. Tun a kantar awo a Abuja za a mayar da kai, kuma jan kafet ɗin layin bizines ba ya ceton kowa.

Kada ka raba tikiti. Filin Helsinki ƙarami ne mai tsari, ana sayar da canjin jirgi na minti 40 kuma yana yiwuwa, in tikitin ɗaya ne. Da hunturu jirgi na iya tsayawa layin wanke ƙanƙara daga fukafukai, rabin awa ta tafi. In tikiti ɗaya ne, nauyin kamfani ne ya sa ka a jirgi na gaba, ya ciyar da kai, ya ba ka masauki. In biyu ne, kai ne ba ka zo ba, kuma rashin zuwa zango ɗaya yana soke sauran zangunan har da na dawowa. Akwai dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004, tana aiki har Norwe da Aislan: a tafiyar da ta wuce kilomita 3,500, jinkirin isa na awa 3 zuwa 4 yana iya kawo diyyar Yuro 300, fiye da haka 600, muddin ba yanayi ko wani abin da ya fi ƙarfin kamfani ne sanadi ba. In aka sauke ka daga bizines zuwa ƙasa a irin wannan doguwar tafiya, kashi 75 cikin ɗari na kuɗin wannan zangon ake mayar maka cikin kwana 7. Ajiye katin shiga jirgi, kuma kada ka karɓi takardar rangwame a madadin kuɗi sai ka karanta abin da kake sa wa hannu.

Abinci. Teburin mutanen arewacin Turai kifi ne, burodin hatsi mai duhu, dankali, naman barewar ƙanƙara, da naman alade a wuraren da ba ka zata ba, miya kuma wani lokaci da giya ake haɗa ta. Nemi abinci na musamman tun kwana biyu kafin tashi, lambar na Musulmi MOML ce. In babu shi a hanyarka ɗauki na ganye, VGML, ka sake dubawa duk lokacin da aka canja maka jirgi, don odar ba ta bin mutum da kanta. Tiren da ake zagayawa da shi kafin tashi akwai giya mai kumfa a kai, tambayi abin da ke cikin kofi. A Finnair nemi ruwan 'ya'yan itacen nan shuɗi, shi ne abin shansu. Sallah kuma kada ka dogara da taga. A Helsinki yini yana kai kusan awa 19 a Yuni, a Disamba bai cika 6 ba, jirgin da ya bi ta ƙurewar arewa kuwa yana iya shafe awanni rana ba ta faɗi ba ko ba ta fito ba. Yi alwala a ƙasa, ka haɗa abin da za ka iya haɗawa kafin tashi, ka tambayi malaminka tun kana gida.

Na yi niyyar jero muku shawara goma, amma na san ba za ku kai ta biyar ba. Ɗalibi ko mai sabon aiki, kada ka saya. Ƙashinka yana ɗaukar awa 8 a zaune, kuɗin kuma hayar wata da watanni ne. In zuciya ta ƙi haƙura, sayi ikonomi ka jira tayin ɗaga kujera da kamfanonin kan turo kwanaki kaɗan kafin tafiya, ka yi tayi a zangon dare kaɗai, ka tsayar da iyakar abin da za ka biya kafin ka buɗe saƙon. Wani lokaci nakan ce ku gwada sau ɗaya abin ya fita daga idonku. Ƙarya nake, ba ya fita. Wanda ya taɓa kwanciya a sama, komawa baya yana yi masa ciwo fiye da wanda bai taɓa ba, daga nan bashin yake farawa. Amma kuma in mahaifiyarka ce za ta yi tafiyar awa 13, saya mata, ko rana ce ko dare, kada ka tsaya wannan lissafin nawa.

Wanda ya riga ya danna biya: in tafiyar ta shafi Amurka, kuma kai tsaye daga kamfanin ka saya, saura kwana 7 ko fiye a tashi, dokar can ta sa kamfani ya ba ka awa 24, ko dai na riƙe farashi kafin biya ko na fasawa a mayar maka da kuɗinka cif. Duba wanne kamfaninka ke bi. In ta hannun ɗan tsakiya ka saya a intanet, sharaɗinsa ne zai hau kanka.