Bakwai sau takwas nawa?

Shekara ta shida ke nan da buɗe ɗan wajen lesin a garejin gidanmu a nan Kano, benci huɗu ne da allo ɗaya sai malamai biyu da nake biya duk ƙarshen wata, kuma lissafin ƴan firamare kaɗai muke koyarwa, musamman sau da rabawa. Ana yawan ce min in ƙara Turanci ko na samu ƙarin yara, ni kuwa na ga inda gizo ke saƙar ne shi ya sa na tsaya a wajen.

Duk yaron da aka kawo min tambaya ɗaya nake fara yi masa, bakwai sau takwas nawa? Wallahi yawancinsu sai ka ga sun ɗaga kai sama leɓe na motsi, sun koma tun daga bakwai sau ɗaya suna bi a jere, in ka katse shi a tsakiya shike nan sai ya sake daga farko. Ba wai bai iya ba ne fa, tun aji biyu yake rera teburin nan na bayan littafin rubutu, amma waƙa ce ta zauna masa, bai san lambobin ɗaya ɗaya ba. To ranar da aka kai ga doguwar rabawa a aji huɗu ko biyar, ko aka zauna jarabawar shiga sakandare, kafin ya gama rera waƙar ya manta abin da ake tambayarsa ma, daga nan sai a ce yaro ba shi da kan lissafi, abin nan yana min ciwo sosai.

Mu da kiret ɗin ƙwai muke farawa, wanda ba komai a ciki. Layi biyar ne kowane da rami shida, yaro ya cika shi da murafen kwalbar lemo ya ƙirga ya samu 30, sai in juya kiret ɗin in ce yanzu fa? Ya ga layi shida na biyar biyar, kuma murfi ko ɗaya bai ƙaru ba. A nan idonsu ke buɗewa. Sai in ce kwashe su ka raba wa mutum biyar, kowa nawa zai samu? Da hannunsa zai gano cewa rabawar nan da yake tsoro sau ce aka biyo ta baya. Shi ya sa ba na yarda a koyar da su daban daban, a katinmu lamba uku ake rubutawa, misali 6 da 7 da 42, in rufe ɗaya da babban yatsa yaro ya faɗi wadda ta ɓuya, in na rufe 42 sau ya yi, in na rufe 7 rabawa ya yi.

Kuma ina nuna musu aikin bai kai yadda suke zato ba. Daga 1 zuwa 10 amsoshi 100 ne, amma tunda uku sau takwas da takwas sau uku duk ɗaya ne sun koma 55, in ka cire gidan 1 da 2 da 5 da 10 da kowa ke kamawa da wuri saura 21 kacal. Su muke bi uku uku, minti goma duk zama, a cakuɗe ba a jere ba, sannan in ba iyaye mata katin su ɗan riƙa tambaya ko ana girki ne.

Akwai kuskuren da na yi a baya, ina sa su gasar sauri da agogon waya, wanda ya riga kowa a ba shi alewa. Wata yarinya ƴar aji huɗu in an fara sai hannunta ya kama rawa, alhali in mu biyu ne duk tana ba ni amsa daidai, ƙarshe ta daina zuwa sai da na bi ta har gida na ba mahaifiyarta haƙuri. Tun daga ranar kowa da kansa yake gasa, jiya kati nawa ka ci, yau nawa. Bulala kuwa babu ita a wajena sam. Wani uba ya taɓa ce min "Malama ki riƙa zane shi, da haka muka iya", na ce Alhaji ka ba ni wata biyu tukuna, yaron da ke kallon bulala ba ya iya tuna komai.

Ta fannin kuɗi sai godiya, amma akwai wuya. Yammacin Alhamis da Juma'a ne kawai namu saboda sauran ranakun yara suna Islamiyya, don haka dogon hutu ne kakarmu. Wasu iyayen sai wata ya yi nisa ake biya, malamai kuma ba za su jira ba, sau da yawa daga aljihuna nake cikawa. Fotokwafi ya yi tsada na daina, kwalin Indomie nake karɓa wajen mai shagon layinmu mu yanka kati, murafen lemo kuwa yaran ne ke tsinto min.

Yarinyar nan mai rawar hannu tana aji shida yanzu. Makon jiya wani sabon yaro ya maƙale a 56 raba takwas, kafin in taso daga inda nake na ga ta jawo kiret biyu ta haɗa, tana ce masa jera min takwas takwas mu gani.