Inda na kwana da aikin littafin Kaka: ƙugiya, ɗigo ukku da dagi

Salamu alaikum 'yan uwa masu koyon LaTeX, manhajar shirya rubutu don bugawa, sati ukku ke nan ban ce komi ba, ba wai na aje aikin ba ne, alamomi ne sunka riƙe min wuya. Ga wanda bai san zancen ba, waƙoƙin wa'azi na marigayi kakanmu nike shiryawa, shi da ajami ya rubuta su, ni kuma ina son kowane baiti ya hito ajami a sama boko a ƙasa, mu buga ko kwafi hamsin ne mu raba ma dangi nan Sakkwato da waɗanda ke Gwadabawa.

Bari in fara da kunyar da na ji. Farkon aikin da na buga ƙ sai pdflatex, mai maida rubutun LaTeX zuwa PDF, ya tsaya cak ya ce bai san wanga harafi ba. Ni kuma da ƙarfin hali na ce ai sai in zana, na ɗauki k na talaka na ɗora mai 'yar ƙugiya da TikZ, kayan zane na LaTeX, kwana biyu ina turo ta hagu ina maido ta dama, har ta zauna daidai na ji kaina ya kumbura. Ashe banza na yi. Da na canza girman rubutu ƙugiyar ta tsaya can sama ita kaɗai kamar hular da iska ya ɗauke, kuma in ka nemi "ƙasa" cikin PDF ɗin ba ya ganinta don shi a wurinshi "kasa" ce ke nan, to ku duba baitin da Kaka ke zancen komawa ƙasa ya koma zancen kasawa. Daga baya na gano akwai wani ƙunshin LaTeX mai suna tipa, mai \texthtk da \texthtb da \texthtd, sun yi kyau ba laifi, amma ban samu babban Ƙ a ciki ba, ga shi rabin kanun waƙoƙin da shi sunka fara.

Maganin ashe mai sauƙi ne, barin pdflatex na yi na koma ɗan uwanshi XeLaTeX da fontspec mai zaɓen salon rubutu, in a Overleaf kake, shafin rubuta LaTeX a intanet, akwai wurin canza shi a saiti. Na sa salon rubutu mai suna Charis SIL, shi ke nan ɓ ɗ ƙ da manyansu duk sunka hito ba gardama, don tuni suna da lambobinsu a Unicode, tsarin da ke ba kowane harafi lamba a kwamfuta, ƙ ita ce 0199, ɓ 0253, ɗ 0257. Har ƴ da 'yan uwanmu na Nijar ke rubutawa inda mu muke sa 'y tana nan, 01B4. Abu guda dai ku kiyaye, in salon rubutun da kunka zaɓa ba shi da harafin ba kullum zai yi maku ihu ba, gurbi kawai zai bari ko ɗan akwati, sai kun buɗe log, rahoton da yake rubutawa bayan aiki, kun nemi inda ya ce Missing character. Ni sai da ƙanwata ta karanta shafin gwaji ta ce "Yaya mi ne ne asa?" sannan na farga ƙ ce ta ɓace.

Alamar naira ta bayan bango ba ta ci min minti biyar ba. Detexify, shafin da ke gane alama in ka zana ta, na buɗe a waya na zana N da yatsa na ja mata layi biyu ya ba ni \textnaira. Wanda bai taɓa gwada shi ba ya gwada, ko zanenka ya yi kama da tafiyar kaza yakan gane. In ya kasa sai a koma ga babban kundin alamomin nan na Scott Pakin, alamomi dubbai ne ciki, sai dai a tanadi data da haƙuri.

To ɗigo ukku su ne sunka fi koya min hankali. Kaka a ƙarshen kowane ɗango yakan sa ɗigo ukku kamar murhu, biyu ƙasa ɗaya sama, duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar takardar ajami ya san su, ko a ɗakin ajiyar tarihi na Waziri Junaidu ka leƙa za ka gani. Na zana su a Detexify ya ba ni \therefore ta masu lissafi, na ce alhamdu lillahi na samu. Amma da na saka ta cikin ajamin sai ta zauna kamar baƙuwa a gidan biki, ɗigonta ƙanana sun yi nisa da juna, kuma tana rikita jerin rubutun da ke tahiya daga dama zuwa hagu. Har na buɗe TikZ zan sake irin wautar ƙugiya sai na ce a'a bari in bincika tukuna. Shapecatcher na tuna, irin Detexify ne amma shi Unicode yake dubawa ba alamomin LaTeX ba, bai kai ni kai tsaye ba amma ya sa na shiga jerin haruffan Larabci ina bi ɗaya ɗaya, sai ga ta a 061E, alamar tsayawa mai ɗigo ukku, an riga an ba ta gurbinta. Wallahi na daɗe ina kallonta.

A nan ne na haɗu da sauran kayan ajaminmu, tsa mai hannu da ɗigo ukku a sama 069F, ɗigon imala na ƙasa mai ba da wasalin e 065C, da fa mai ɗigo a ƙasa da ƙaf mai ɗigo ɗaya irin na Warshu da munka tashi da su a makarantar allo. Na gwada salon rubutun ajami biyu, Alkalami da Harmattan, duka na ƙungiyar SIL ne. Alkalami ya yi kauri irin rubutun Kano, kyakkyawa ne amma hannun Kaka siriri ne, don haka Harmattan na ɗauka duk da Baffa ya ce ya fi son mai kaurin don idonshi. Ba mu gama wanga gardama ba.

Abin da na zana da gaske guda ne, dagin arewa da nike son ya raba waƙa da waƙa, shi na neme shi ko'ina ban samu ba. Wahalarshi ba zoben ba ne, sarƙewar ce, layi ya bi ta sama nan ya nutse ta ƙasa can. Dabarar da ta yi min aiki, kafin ka ja baƙin layin da zai hau sama ka fara jan fari mai kauri a ƙarƙashinshi, sai ya yanke na ƙasan kamar ya wuce ta bayanshi. Kuma ku auna da ex, wato tsayin ƙaramin harafin x, ba santimita ba, ta haka in rubutu ya girma dagin ya girma da shi, ku naɗe shi cikin \newcommand ku kira shi \dagi ku huta. Nawa har yanzu kunne ɗaya ya ɗara sauran tsawo, na kai shagon buga takardu a Mabera mai injin ya ce ba wanda zai lura, ni dai ina lura.

Saura hatimin da Kaka ke zanawa a shafin ƙarshe, shi ba zan sake shi da layukan kwamfuta ba, hoto zan ɗauka da rana a tsakar gida in bi sawunshi da manhajar zane ta Inkscape in shigo da shi yadda hannunshi ya bar shi, har da inda tawadar ta ɗan zuba. Wanda ya taɓa yin irin haka ya gaya min yadda ya cire launin tsohuwar takarda ba tare da siraran layukan sun ɓace ba, nan na maƙale tun shekaranjiya.